Takardar Kakana a Hannun Taubashi

Mutane suna zaton duk mai sana'ar zane da buga takardu launi yake so, ko hoto. Ni takardar kanta nake so, tun kafin a ɓata ta da rubutu. Na daɗe ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kafin in buɗe shagona a nan Gure, kuma ko a wancan lokaci, in aka raba sababbin kaye, littattafan rubutu, a farkon shekara, yara bango suke kallo, ni kuwa tsakiya nake buɗewa in shinshina. Darakta ya taɓa kama ni ina yi. Daga ranar bai sake ba ni makullin ɗakin ajiya ba.

Yanzu ina da ordinata, wato kwamfuta, da na'urar bugawa, da wuƙar yankan takarda da na sayo a Damagaram, wadda na fi kula da ita a kan babur ɗina. Katin aure, katin suna, kalanda, hotunan ƴan takara, su ne abincina. Har yau Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, don a garin nan wanda ya taɓa riƙe alli ba ya sauka daga muƙaminsa. Na san inda aikina yake ƙarewa. Katin da na kwana biyu ina daidaita haruffansa, bayan biki da mako ɗaya zan same shi an naɗe ƙosai a ciki. Na daɗe da yafe wa masu ƙosai. Su aƙalla suna taɓa takardar da hannu, suna kuma sanin wadda take shan mai da wadda ba ta sha.

Wannan ciwo gado na yi. Kakana na wajen uba malami ne marubuci, irin waɗanda ake kawo musu littafi su kwafa da alƙalamin kara. Abu biyu ya bar mana. Na farko littafin yabon Annabi ne da ya rubuta da hannunsa, warƙa warƙa ba ɗinki, a tsakanin bango biyu na fata, cikin gafaka. Shi ake karantawa a zaurenmu duk watan Mauludi. Na biyu ragowar takardar da ya yi aikin da ita ce, fara, ba ko ɗigo a kanta, wadda mahaifina ya ajiye a ƙasan akwati, ni kuma na gada don ba wanda ya yi jayayya da ni a kanta.

Na ce fara, amma ba fara ba ce. Launinta kamar na man shanu ne da aka kaɗa yau. In ka shafa za ka ji tana da ɗan kaushi, kamar tafin hannun tsohuwa mai kirki. In ka girgiza ta tana amsawa da murya, ba irin shirun takardar fotokopi ba. In kuwa ka ɗaga ta ka sa rana a bayanta, sai ka ga siraran layuka kamar saƙar tabarma, a tsakiya kuma jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, ba da tawada aka yi su ba, a cikin naman takardar suke. Ta hamada aka shigo da irinta a bayan raƙumi. Waɗanda suka yi ta sun mutu, waɗanda suka ɗauko ta sun mutu, ba kuma a yin ta yanzu a ko'ina. Na yi odar takardu daga Yamai, na sa an kawo mini daga Kano, na taɓa masu tsada da masu suna. Ban sami ko ƴar uwarta ba.

Littafin kuwa ba cikakke ba ne. Wata damina tun zamanin mahaifina rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya sami gafakar, warƙoƙin ƙarshe suka manne suka ruɓe. Tun daga nan, duk Mauludi in karatu ya kai wurin, sai a rufe littafi, tsofaffin da suka haddace su ƙarasa da ka. Ina yaro muryoyi ne cike da zaure. Daga baya suka yi ta raguwa, har ya zama tsoho ɗaya ke ja, shi ma yana tuntuɓe, mu ƴan boko muna bin sa da gunaguni kamar masu amsa waƙar da ba su sani ba. Abin da na ƙudura shi ne a mayar wa littafin ƙarshensa, a kan takardarsa, da irin rubutunsa, yadda in jikana ya buɗe ba zai gane inda aka yi gyara ba sai an nuna masa.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya. Wani dattijo ne a Kelle, wanda yana saurayi ya yi karatu a gaban kakana, hannunsa kuma ya ɗauko nasa sak. Na je na same shi da littafin. Ya daɗe yana shafa warƙoƙin, yana kawo su kusa da fuskarsa fiye da yadda na so in gani. Ya ce idon ya fara yi masa gardama, amma da safe, in rana ta hau kaɗan, yana gani sosai. Akwai aikin wani a hannunsa, in ya gama bayan girbi sai in aiko da takardar. Ban tafi da ita ranar ba, don ban so ta yi ta zama a ɗakin da ban san rufinsa ba. Na bar masa ƴan warƙoƙi na tsakiya don ya riƙa duba hannu, na dawo da sauran.

A nan taubashina ya shigo.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, ni kuma ɗan kawunsa. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Tun muna tsirara muke zagin juna, kuma manya suna tafa mana. Yana ce mini akuyar lakwal, saboda takarda. Ina ce masa kurar Gwaggo, saboda ba abin da ya taɓa gani bai kai baki ba. Ya ɗauke mini hula, da takalmi, da agogon da na saya da albashina na farko, da cinyar ragon layya tana kan wuta. Ni ma ban bar shi ba, rediyonsa ya shekara a ɗakina yana ba ni labarin duniya. Abin da taubashi ya ɗauka ba a kai ƙara, ramawa ake yi. Kuma kada in rage masa haƙƙi: ranar da mahaifina ya rasu shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ranar aurena shi ya yi ta zirga-zirga har ƙafarsa ta kumbura, yana gaya wa kowa amarya ta yi asara. Duk dangi ba wanda na fi sakewa da shi.

Bayan girbin shekarar aka shiga yaƙin neman zaɓen ƴan majalisar gari, waɗanda muke ce wa konseye, taubashina kuma ya tsaya. Ni na yi masa hotuna, kyauta, in ban da zagin da na sha. Na rage masa shekaru, na cike masa giɓin haƙori, na shafe masa tabon da jaki ya yi masa a goshi, har Gwaggo da ta ga hoton ta tambaya ko ɗan wane ne. Aiki ya yi mini yawa a shago, kowane ɗan takara yana so a fito da shi kamar ango, wuta kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Sai ga saƙo daga Kelle cewa Malam ya gama aikin da ke hannunsa, a kawo takarda, kada a ja lokaci saboda idon.

Taubashina yana zaune a kan tebur ɗin yankan takarda, inda na hana kowa zama, lokacin da saƙon ya zo.

"Gobe ma Kelle za mu," ya ce. "Mota kat-kat aka ba mu. Kawo abincin naka in kai."

"In ba kura ajiyar nama?"

"Nama? Da nama ne ai da ban tambaye ka ba, da ɗauka zan yi. Wa zai ci wannan in ba akuya ba?"

Na yi dariya. Ni da kaina na sha ɗaga masa takardar a rana ina nuna masa watannin, yana hamma. Na naɗe ta a tsohon rawanin mahaifina, na sa tsakanin kwali biyu, na ɗaure da igiyar kaba.

"Ka yi mata likkafani," ya ce. "In tara jama'a mu yi mata salla?"

"Kada ka ajiye ta kusa da jarkar mai. Kada wani ya zauna a kai. Hannun Malam za ka sa ta, ba hannun ɗansa ba."

"To, Mushe. In mun isa zan shayar da ita, in kai ta kiwo."

Bayan ƴan kwanaki ya biyo ta shago, ya miƙa hannu kan kanta ya zari ƙunshin wata takarda mai ruwan madara da nake buga katin suna da ita, mai ɗan santsi, mai kyau a ido. Ya ce wasiƙu zai aika wa masu gari. Na ce tun yaushe kura ta iya rubutu. Ya ce tun ranar da aka ba akuya aji. Ya fita, na ci gaba da aikina.

Aka yi zaɓe, ya ci. Aka yi kiɗa a ƙofar gidan Gwaggo, na je na ci shinkafa, na gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni cewa hoton aka zaɓa, ba mutumin ba. Aka ɗan jima. Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shago, bai ko kashe inji ba, ya miƙo mini ƙunshin ta taga, da rawaninsa da igiyarsa, ya ce Malam ya gama, yana gaishe ni, shi kuma yana sauri ana jiransa a meri, ofishin magajin gari.

Na rufe ƙofa rabi. Na wanke hannu. Na share tebur, na kwance igiyar a hankali.

Rubutun ya fi yadda na yi fata. Baƙin ya zauna daram, wasulan ja, ƴan zayyanar da ke raba baiti da baiti kamar kakana ne ya tashi ya yi su. Na daɗe ina kallo ban taɓa ba. Da na ɗauki warƙar farko, yatsuna suka riga ni sani. Santsi. Na girgiza ta, ba ta amsa ba. Na fita bakin ƙofa na ɗaga ta a rana, na juya, na sake juyawa. Ba layi, ba wata. Na ɗauko ta biyu, da ta uku, har ta ƙarshe. Na san takardar nan kamar yadda na san muryar matata, ita nake buga wa mutane katin suna da ita. Na ɗora babban yatsa a gefen wani layi, ban ko danna ba, sai wani wasali ya taso ya biyo yatsana. Irin wannan takarda an shafe fuskarta ne don tawadar inji. Tawadar malamai ta ƙaro ba ta shiga cikinta, a sama take zama ta bushe, ta jira abin da zai kakkaɓe ta.

Duk da na gane takardar shagona ce, zuciyata ba ta tafi inda ya kamata ba. Ta yi ta kewaye tana neman wata hanya. Na ce wataƙila irinta ce, ai ba ni kaɗai nake saye ba. Na ce wataƙila wani a gidan Malam ya yi musanya. Mutum yakan fi son ya zargi baƙo.

Washegari na hau motar kasuwa zuwa Kelle. Na sami Malam a zaure, fuskarsa tana kallon ƙofa, amma sai da na yi sallama ya san ni ne. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da mutanen Gure. Kafin in san ta inda zan fara, ya kama hannuna.

"Allah ya mayar da alheri, ɗana. Na ji abin da gara ta yi."

"Gara, Malam?"

"Takardar malaminmu. Da ɗan'uwanka ya kawo wannan, ina taɓawa na ce masa ba ita ba ce, ko an yi kuskure wajen naɗi. Ya ce a'a, ka buɗe akwati ka tarar gara ta cinye waccan ƙurmus, baƙin ciki ya hana ka zuwa da kanka, ka ce in yi haƙuri in yi da wannan. Wallahi na kwana ina jin abin. Irin takardar nan ni ma rabona da ita tun ina gaban kakanka."

Na bar hannuna a cikin nasa. Ya ɗauka baƙin cikin gara ne ya kawo ni, ya ci gaba da ba ni haƙuri.

"Ta wahalar da ni, ba zan ɓoye maka ba. Alƙalami yana zamewa a kanta kamar raƙumi a laka. Na ƙara ƙaro a tawadar, na rage, na sake ƙarawa. Wani layin sai na bi shi sau biyu. Amma na ce tunda jikan malaminmu ne ya aiko, ko a kan ganyen kaba ne zan rubuta."

"Malam, in Allah ya sa aka sami wata takarda mai shan tawada fa?"

Ya yi murmushi, ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi a gaban fuskarsa.

"Hannun yana nan, ka gan shi. Idon ne ya riga shi tafiya. Warƙar ƙarshe ma rabinta da ƙiyasi na yi. Yanzu ƙofar nan da nake kallo, haske kawai nake gani, kamar an zuba nono a ruwa."

Ya sa aka ɗauko mini warƙoƙin kakana da na bar masa, cikakku, a naɗe. Ban gaya masa gaskiya ba. Ban ga amfanin in gaya wa tsoho cewa ragowar ganinsa a kan ƙarya ya ƙarar da shi ba. Na bar gara da laifin, ta saba ɗauka.

Daga tasha gidan Gwaggo na wuce kai tsaye. Na tarar da shi a tsakar gida a kan tabarma, yana cin tuwo da wasu mutanensa, Gwaggo tana gefe a kan kujerarta tana tsinkar zogale.

"Ga akuya, ga akuya! Ku ɓoye takardunku. Zo ka ci, Mushe, yau a gidan hukuma kake."

"Ina takardar?"

Ya dube ni, loma a hannu, sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Au, har ka gano? Wallahi sai da na faɗa. Na ce wannan ko a rijiya aka miƙa masa takarda zai faɗi garin da aka yi ta."

"Ina take?"

"Tana aiki. Tana yi wa jama'a aiki, abin da ba ta taɓa yi ba tana kwance a akwatinka."

Bai ɓoye komai ba, ko kaɗan. Da daɗi ma ya ba da labarin, yana juyawa wajen mutanensa don su ji. Ranar da za su tafi, sun biya ta wajen wani malamin da yake yi masa addu'ar zaɓe. Mutumin ya ga ƙunshi a mota ya tambaya, taubashina ya kwance don ya nuna masa haukan ɗan kawunsa. Da ya ɗaga warƙa ɗaya ya ga watannin, sai ya ce ai wannan takardar magabata ce, abin da aka rubuta a kanta ba ya faɗuwa ƙasa. Aka fara da ɗaya. Sai aka ga ƙauyukan da yawa. Aka yayyanka ta ƙanana ƙanana. Wasu aka ɗinke a fata, ɗaya ma tana cikin hular da ke kansa. Wasu aka binne a hanyoyin rumfunan zaɓe. Wasu aka jiƙa a ƙwarya aka ba samarin da ke bin motarsa suka sha.

"Ga shi kuwa mun ci," ya ce. "Ka ce ba albarkar kaka ba ce?"

Takardar da ta ƙetare hamada, ta tsira daga ruwan da ya ci littafin, ta tsira daga gara ta gaskiya har zamani uku, ta ƙare a cikin ƴan farfaganda. Mutanensa suna dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma ya sha, ba ta da ɗaci.

"Malam fa?" na ce. "Ka ce masa gara ce."

"To me zan ce masa? Gara ba ta kai ƙara."

Aka sake kwashewa. Har Gwaggo sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Da ta dubi fuskata ta ajiye zogalen.

"Kai ɗan nan, wace irin fuska ce wannan? Taubashinka ne fa. Ubanka ya taɓa kai jakin taubashinsa kasuwa, mai jakin yana biye da shi a ƙasa yana roƙo, aka yi dariya aka tashi. Kai a kan takarda za ka shigo mini gida kamar ɗan sanda? Da rubutu a kanta ma da sauƙi. Fara ce fa, wayam."

"Gwaggo, babu irinta kuma."

"To ubana ne ya bar ta, ko ba ubana ba ne? Kai jika, shi jika. Ya ci rabonsa, ya haɗa da naka, sai ka rama. Ga babur ɗinsa can, ɗauka."

"Ɗauka mana," ya ce. "Ba mai a ciki."

Na tsaya a tsakar gidan ina neman abin da zan ce, ni da na yi shekaru ina koya wa yara yadda ake jera hujja. Maganar Gwaggo ba ƙarya ba ce, shi ma jika ne. Da ya zo ya ce in ba shi warƙa ɗaya, da na zage shi tas, wataƙila kuma da na ba shi. Amma ya san abin da aka ajiye ta dominsa. Ya san idon tsohon. Ya dawo shagona da ƙafarsa ya zaɓi abin da zai yi musanyar da shi, muna dariya tare. Ya ari bakina ya yi wa Malam ƙarya. Wannan ba wasa ba ne, rigar wasa aka sa masa.

Abin da na gane a ranar shi ne, kowane irin zalunci a garin nan yana da ƙofar da ake kai kukansa. Na maƙwabci akwai mai unguwa, na kasuwa akwai sarkin kasuwa, na aure akwai waliyyai. Na taubashi ba shi da ƙofa. Wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ne abin kunya, shi za a ce ba ya da ciki, boko ya bushe masa zuciya. Na ga haka a idon kowa a tsakar gidan. Na yi wa Gwaggo sallama na fita, yana kirana daga baya wai in dawo in ci tuwo, ba a yi da takarda ba amma zan iya haƙuri.

A makon na ɗauki hoton warƙoƙin Malam ɗaya bayan ɗaya a na'ura, ina ɗaga su kamar mai ɗaga ƙwai, kafin tawadar ta ƙara zuba. Na buga su a kan takarda mafi dama da nake da ita. Na asalin na jera su da siririyar takarda a tsakani, na sa a akwati, ba na buɗewa, don duk buɗewa sai na ga baƙin gari a ƙasa. Da Mauludi ya zo aka karanta littafin har ƙarshe, karo na farko tun ina yaro. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Ba wanda ya lura cewa daga inda hannun kakana ya tsaya, abin da ke hannun mai karatu inji ne ya tofo shi. Ni kaɗai na ji lokacin da ƙarar juya warƙa ta canja.

Bayan wannan ya zo shago, a karon farko tun ranar tuwon. Katin aiki yake so, mai sunansa da muƙaminsa.

"Akuyar lakwal! An ce kina yaji. Taso ki yi wa ubangidanki aiki."

Na miƙe tsaye. Na share masa kujera, ba tebur ba.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Bismilla, zauna. Ya aiki, ya jama'a?"

Ya dube ni yana jiran ƙarshen maganar, wurin da ƙaya take. Babu. Na ɗauko masa samfurin takardu na shimfiɗa a gabansa kamar yadda nake yi wa kowane babban mutum, na bayyana masa wadda ta fi ƙarko. Ya ce kaina ya yi kama da tulun da aka manta a rana. Na ce Allah ya ba konseye haƙuri, wace kala yake so. Ya ɗauki almakashina ya sa a aljihu yana kallona. Na ce in yana bukatar wani akwai, in naɗe masa. Ya ɗan zauna, ya fito da almakashin ya ajiye a inda ya ɗauka, ya zaɓi takarda bai duba ba, ya tafi. Na yi masa katin, ya yi kyau ƙwarai.

Ban shirya wannan don horo ba, ko da yake na san haka dangi suka ɗauka. Ya sake zuwa sau da dama, kowane zuwa da zagin da ya fi na baya zafi, kamar mai buga ƙofa yana ƙara ƙarfi. Ya aiko mini da dabino, da rago da Salla. Na aika da godiya a rubuce. Bai taɓa cewa ya yi laifi ba, kuma na fahimce shi, taubashi ba shi da kalmar da zai faɗi haka da ita, kamar yadda ni ba ni da ƙofar kai ƙara.

Gwaggo ta tsufa sosai yanzu. Kwanan baya ta kira matata ta ba ta saƙo: a gaya wa wannan mai taurin kan ya zagi ɗanta ko sau ɗaya kafin ta mutu, ta gaji da jin ana gaishe shi kamar baƙo. Na ce a gaya mata zan gwada, kuma da gaske nake.

Juma'ar da ta wuce na gan shi a ƙofar masallaci. Ya sa wata sabuwar hula da ta yi masa yawa, ta sauko ta danne masa kunnuwa har sun lanƙwashe. Da can wannan hula ta ishe ni abin magana har wata Juma'ar. Shi ma ya sani, don ya tsaya a gabana ya gyara ta, ya ƙara turo ta gaba, yana jira. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa lafiyar iyali.